Ƙashin Maƙogwaron Yaya Kinuyo

Laraba, 21 ga Maris

Kinuyo ta dawo. Yayar marigayi mijina, wadda ta bar wannan haikalin namu na Buda tun ina goyon ɗana Keido, yau sai ga ta a bakin ƙofa da 'yar jaka da sanda. Kuma sai ta zaɓi ranar da kowa ya hawo dutsen nan wanke kabarin iyayensa, ina fama da baƙi, ruwan shayi na ƙarewa. Ta rame, fatar wuyanta ta saki, amma bakin yana nan yadda na san shi. "Amarya, har yanzu da ƙafa kike rufe ƙofa?" Amarya! Ina da shekara sittin da takwas, na kai miji kabari, ɗana ne limamin haikalin, wai amarya.

Ta nufi ƙofar kicin irin ta 'yan gida. Na tare ta da murmushi na ce, "Haba Yaya, babbar baƙuwa ta shiga ta baya?" Na zagaya da ita ta ƙofar maziyarta, na zaunar da ita a ɗakin baƙi, na ba ta shayi a kofin da muke ba masu kawo sadaka. Ta gane sarai. Ni kuwa na ji daɗi har cikin raina.

Alhamis, 22 ga Maris

Ciwon daji ne ke cin Kinuyo, a hanji. Hatsue mai awara ta gaya min, don a ɗakin saman shagonta ta kama haya. Wai likita ya ce ba za ta ga dusar ƙanƙara ta gaba ba. To.

Lahadi, 25 ga Maris

Ashe abin da ya kawo ta ke nan. Ta jira sai da Keido ya gama karatun safe, ta durƙusa gabanmu a ɗakin ibada, ta kai goshinta tabarma. Kinuyo! Wadda ko gaisuwa sai ta ga dama take amsawa. Ta ce tana so idan an ƙona ta a sa ƙasusuwanta a kabarin gida, kusa da Mamarta.

Kowa a garin nan ya san yadda abin yake. Macen da ta fita ta ɗauki sunan wani gida, kabarin wancan gidan ne nata. Ita ta auri Nagao a Osaka, ya sake ta, ba ɗa ba jika, kuma don girman kai ta ci gaba da amsa sunansa. Dangin Nagao ba su son ta, sunan da ke jikin dutsenmu kuwa Kuzuhara ne. Wanda ba shi da mai kula da shi, tudun marasa kowa ake kai shi, can bayan makabarta inda aka tara tsofaffin duwatsu, a juye ƙasusuwansa cikin na sauran.

Keido ya juyo yana kallona. Haka yake tun yana yaro, ko riga zai saka sai ya kalle ni. Na ce zan yi tunani. Ƙarya nake, na daɗe da gama tunanin.

Lahadi, 8 ga Afrilu

Ranar haihuwar Buda. An ƙawata wata 'yar rumfa da furanni, yaran unguwa suka yi layi suna zuba shayi mai zaƙi a kan ɗan mutum-mutumin jaririn Buda na tagulla. Kowace shekara nakan tsaya da ludayi ina miƙa musu, kowace shekara kuma sai in kau da kai daga kallon jaririn.

Bayan an watse na je wajen Sayo. Ba wanda ya san na sa mata suna, a nan kaɗai nake rubuta shi. 'Yata ce ta fari, kafin Keido, ta zo ba rai. Ina kwance a asibiti ban san inda kaina yake ba, Tsohuwa uwar mijina ta yanke cewa jaririn da bai yi kuka ba ba ya shiga kabarin gida. Kinuyo ce ta karɓo ta, ita ta je aka ƙona, ita ta tona rami a bayan kicin kusa da magudanar ruwa. Ko fuskarta ba a nuna min ba. Da na dawo ina kuka ina tambaya, sai Kinuyo ta ce, tana yankan albasa ko juyowa ba ta yi ba, "Al'ada ce, amarya." Mijina ya sunkuyar da kai ya tafi buga ƙararrawa.

Ɗan mutum-mutumin dutse da ke wurin, na Jizo mai tsaron yaran da suka mutu, ni na sayo shi. Na canja masa jan ƙyallen wuyansa yau, na bara ya koɗe.

Talata, 17 ga Afrilu

Na gayyaci Kinuyo yawo. Na riƙe mata hannu har makabarta, mutane na gaishe mu, wata ma ta ce ai ta ga zumunci. Muka wuce kabarin gida ban tsaya ba, sai da muka kai tudun. Duwatsu kan duwatsu, gansakuka ta cinye sunayen. Na ce, "Duba Yaya, wurin na samun rana da safe. Kuma ba za ki yi kaɗaici ba, akwai jama'a."

Ta daɗe tana haki a kan sandarta. Ta ce, "Fusae, don girman Buda." Yau ce rana ta farko da ta kira sunana.

Na ce, "Al'ada ce, Yaya."

Na yi zaton zan ji wani abu babba. Daɗin na ji, amma ɗan kaɗan ne, kafin mu sauko ya ƙare. Ga gwiwata tana ciwo.

Laraba, 18 ga Afrilu

Keido bai ci abincin rana ba. Oho.

Asabar, 12 ga Mayu

Motoci cike da masu ziyara, duk sun nufi Babban Haikali da ke can saman dutse da fararen rigunansu da sandunansu, wasu suka kwana wajenmu. Ina kicin tun asuba. Sai ga Hatsue da bokitin awara da wa'azi a baki. "Uwargida, matar nan fa ba ta barci. Ina jin ta tana kiran Mamarta." Na ce ta kira da ƙarfi, ai Tsohuwa kurma ce tun kafin ta mutu. Hatsue ta ce, "Kai, Fusae, a gidan ibada kike faɗin haka?" Na ce a gidan ibada na koya.

Ita ba ta san komai ba. Ba ita aka sa ta goge hannu da tokar turare wata guda ba, wai don kada ƙarnin kifin gidan ubana ya shiga abincin Buda. Tsohuwa tana tsaye tana sinsina yatsuna, Kinuyo na gefe tana dariya. 'Yar mai kifi, haka suke kirana ko a gaban baƙi.

Awarar yau ma ta yi ruwa.

Litinin, 4 ga Yuni

Keido ya yi ƙarfin hali. Ya same ni ina shanyar barguna, ya tsaya yana murza carbinsa. "Mama, Gwaggo fa a gidan nan aka haife ta. Yanzu haikalai da yawa sun daina duba suna." Na ce to ya sa ta. Ranar da ya ɗaga murfin kabarin, ranar zan tattara kayana in sauka daga dutsen nan, sai ya gaya wa dattawan haikali dalilin da ya sa uwarsa ta koma garin masunta da tsufanta. Ya yi tsuru-tsuru. Ya ce, "Mama, kullum ina gaya wa mutane su saki abin da ke ransu." Na ce ya ci gaba da gaya musu, ai don haka suke zuwa.

Kamar ubansa, sai ya tafi buga ƙararrawa.

Juma'a, 29 ga Yuni

Ruwa ba ƙaƙƙautawa. Komai ya yi fumfuna, har akwatin turare.

Lahadi, 15 ga Yuli

Kinuyo ta aiko Hatsue wai in zo. Na je don in ga yadda ta koma. Ɗakin na warin waken suya da magani. Tana jingine da bango, ta zama ƙashi da fata, amma ta shafa jan baki. Ta ce Hatsue ta ba mu wuri.

"Amarya, zo mu yi ciniki. Mama ta mutu, ƙanena ya mutu, ungozomar ma ta mutu. Duk duniya ni kaɗai na rage wadda ta ga fuskar 'yarki. Na buɗe zanen na duba ta sosai a cikin mota. Ki buɗe min kabari, in gaya miki kamanninta, tun daga goshi har haɓa."

Kaina ya yi dum. Shekara arba'in da wani abu tana riƙe da wannan, ba ta taɓa ba ni ko kalma ba, sai yau da take son saye da shi. Kamar in shaƙe ta, na rantse. Na ce, "Ki riƙe kayanki, Yaya, ki tafi da shi tudu." Ta ce, "Kina so. Ga shi nan a idonki." Na sauko da sauri har na kusa faɗuwa a matattakala.

Muguwa. Muguwa tun tana budurwa, ciwo bai rage mata komai ba.

Litinin, 16 ga Yuli

Wa Sayo ta ɗauko? Keido goshin ubansa gare shi. Bari, ba zan yi wannan tunanin ba.

Litinin, 13 ga Agusta

Obon. Yau matattu ke dawowa gida, kowa ya kunna fitila a ƙofa. Na san za ta lallaɓo ta wanke kabarin, don haka na riga ta. Na goge dutsen tas, na cika tulunan da furanni har ba wurin sa tsinke. Da hantsi sai ga ta, Hatsue na tura ta a keken marasa lafiya, ta rungumo fararen furanni da ɗan bokiti. Ta ga babu abin da ya rage mata. Ta ajiye nata a ƙasa gefen dutsen, ta haɗa hannu ta daɗe tana motsa baki.

Da suka tafi na kwashe furannin na kai tudun marasa kowa na jera. Gara su saba da wurin. Keido ya gan ni, da yamma kuma da yake karatu muryarsa ta sarƙe.

Juma'a, 24 ga Agusta

Bikin Jizo. An wanke duk Jizon unguwa, an shafa musu farar hoda, yara sun zauna da'ira suna juya babban carbi ana raba musu alewa. Tsohon limamin haikalin maƙwabta ya ba su labarin da aka saba, na bakin kogin can na lahira, inda yaran da suka riga iyayensu suke taruwa suna jera tsakuwa, Jizo na ɓoye su cikin rigarsa. Wata 'yar yarinya ta ɗaga hannu ta ce, to idan uwar ta zo yaya za ta gane nata cikin wannan taron? Ya yi dariya ya ce ai uwa ba ta manta fuskar ɗanta.

Na tashi na ce zan duba tukunya. Ba komai a kan wuta.

Alhamis, 30 ga Agusta

An kai ta asibitin da ke gindin dutse. Na bi Keido don kada a ce. Ya fita neman likita, ya bar mu. Ta buɗe ido, muryar ta dishe, sai da na sunkuya.

"Kin ci, amarya. Amma tsaya ki ji. Ni za a zuba ni cikin baƙi, ba wanda ya san ni, ba wanda zai ce min kanzil. Ke fa? Ke ce za a sa a ramin nan, gefen Mama, a rufe. Ta yi ta sinsina ki har abada. 'Yarki kuma na bayan kicin ita kaɗai. Wurin da kike gadi ke nan, 'yar mai kifi." Ta yi dariya har tari ya turnuƙe ta.

Na ba ta ruwa, ban san dalili ba. Na ce, "Gashi fa? Tana da gashi?" Bakina ne ya faɗa, ba ni ba.

Ta kalle ni, ta ce, "Kabari?"

Na ajiye kofin ruwan na kau da kai. Ita ma ta juya wa bango fuska. Haka Keido ya dawo ya same mu.

Laraba, 5 ga Satumba

Ta mutu da hantsi. Na daka riɗi, akwai baƙi shida.

Juma'a, 7 ga Satumba

Wurin ƙonawa. Mu uku ne kacal, ni da Keido da Hatsue. Daga Osaka ko kare bai zo ba. Ban yi niyyar shiga ɗakin tsintar ƙashi ba, amma mutum ɗaya ba ya ɗaga ƙashin mamaci, sai biyu sun kama guda ɗaya tare, kowa da dogon tsinkensa. Hatsue ta tsaya da nata tana kallona. Na ce Keido ya kama mata. Ya naɗe hannu cikin riga ya ce, "Ni yau limami ne, Mama. Karatu zan yi." Bai kalle ni ba. Yaron nan, yau ya san ya ƙi.

Tiren ƙasusuwan na da zafi har yanzu. Muka fara daga ƙafa kamar yadda ake yi, don ta tsaya daidai a cikin tulun da ake zuba ƙasusuwan. Hatsue ba ta kama da kyau ba, sai ni nake riƙe nauyin, in ma akwai nauyi. Kinuyo da ta cika gida da baki, ga ta nan kamar ɓawon ƙwai.

Daga ƙarshe ma'aikacin ya ware ɗan ƙashin maƙogwaro da farar safar hannunsa, ya juya shi mu gani. Ya ce, "Dubi yadda ya fito, Buda zaune ya haɗa hannu, bai karye ba. Ana cewa na masu kyakkyawar zuciya ne ke fitowa haka." Na kusa tuntsirewa da dariya. Ya ce wanda ya fi kusa da ita shi zai ɗauka. Ba wanda ya motsa. Keido ya ƙara ɗaga murya da karatu. Ni na ɗauka, na sa a ɗan ƙaramin akwatin da ake kai wa Babban Haikali, aka miƙo min shi a hannu.

Asabar, 22 ga Satumba

Tulun na ɗakin ibada har a cika mako bakwai. Keido ne ke sa mata shinkafa da turare. Ɗan akwatin kuwa yana kan kantar kicin, kusa da gwangwanin shayi. Ya tambaye ni yaushe zan kai shi sama, na ce idan gwiwata ta yi sauƙi.

Jiya na ji kaina ina ce wa akwatin, "To, sai ki faɗa mana, ai yanzu ba ciniki." Tsufa ne.

Talata, 23 ga Oktoba

An juye ta. Keido ya ɗaga murfin ramin tudun, ya tsaya ya kalle ni, kallo mai tsawo, yana ba ni dama. Na gyara tsayuwa na kalli bishiyoyi. Ya karkata tulun. Ƙarar ba ta fi ta zuba shinkafa a tukunya ba, shi ke nan, ta gauraya da mutanen da ba ta taɓa gani ba, ko Buda ya sauko ba zai iya tsince ta ba. Hatsue ta yi kuka da majina. A hanyar dawowa ta ce daga yau ɗanta zai riƙa kawo awara.

Na biya ta kabarin gida. Na tsaya gaban dutsen, na karanta sunan Tsohuwa, da na mijina, da filin da aka bari a gefe ba a sassaƙa komai ba. Na sha ganin filin nan, ban taɓa tsayawa na auna shi da ido ba sai yau. Na ci, in ji ta. Sanyi ya fara, na manta mayafina.

Laraba, 24 ga Oktoba

Keido yana gaishe ni kamar yadda yake gaida masu kawo sadaka.

Lahadi, 11 ga Nuwamba

Ganye ya gama zuba, magudanar bayan kicin ta toshe, na fita da 'yar shebur in gyara. Tunda ina wurin ne kawai. Babban Haikali matattakalarsa ta fi ƙarfina, kuma ba zan bar ƙashin mutum kusa da shayi har sabuwar shekara ba, ƙazanta ce. Na ture Jizo gefe, na tona, na sa ɗan akwatin, na mayar da ƙasa.

Ba yafewa na yi ba, kada ta ɗauka. Kabarin gida dai ba ta shiga ba, kuma ba za ta shiga ba. Ita ta zaɓi wurin nan da hannunta, kusa da ruwan wanke-wanke, to ta ɗanɗana. Na ce mata, "Ki zauna nan ki yi reno, tunda ba ki taɓa yi wa kowa ba."

Na saƙa wa Jizo hular ulu saboda sanyi. Ulun ya yi saura.

Na gwada da tafin hannu kafin in mayar da dutsen, akwai sauran wuri, na ɗan akwati guda, nawa. Sai na san yadda zan faɗa wa Keido ba tare da ya yi min wannan kallon ba. Yaran bakin kogin nan suna da yawa, ni kuma ban san fuskarta ba. Dole wani ya nuna min ita.